Yadda Ake Yin Safayar Makullin Mota, da Abin Yi Idan Ya Ɓata

Masu zuwa wurina kan maganar makullin mota kashi biyu ne. Akwai wanda zai tuƙo motarsa da kansa, makulli na hannunsa, ya ce a yi masa na biyu. Wannan galibi kafin awa guda an sallame shi. Akwai kuma wanda waya zai bugo, murya duk ta canza, motar na can inda ya ajiye ta tun jiya, makulli ɗaya tak da yake da shi ya yi ɓatan dabo. Aikin wannan yakan cinye yini, wani lokaci kwanaki, kuɗinsa kuma ya ninka na wancan ba sau ɗaya ba. Abin da ya raba su kawai shi ne ɗaya ya zo da makulli mai aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. In makulli ɗaya gare ka yau, a makon nan ya kamata ka yi aiki da wannan bayanin.

Abin da za ka tanada

- Motar kanta. Idan makullin mai cip ne ko mai rimot, yawanci aiki ba ya kammaluwa sai an jona na'ura a jikinta.
- Duk makullan motar, har da wanda ke hannun iyali ko direba, har da karyayye. Za ka ga dalili a mataki na 6.
- Takardun mallakar motar da katin shaidarka. In mai aiki ya tambaye ka takarda kada ka ji haushi. Wanda bai tambaye ka ba, ba zai tambayi wanda ya zo da nufin motarka ba.
- Lambar shasi.
- Lambar makulli, in kana da ita. Tana rubuce a jikin ɗan ƙarfe ko ɗan roba kamar farcen babban yatsa, wanda ake maƙale shi da makullan sabuwar mota. Masu Peugeot da Citroën su duba cikin takardu, akwai kati mai girman katin banki ɗauke da lambar sirri mai harafi huɗu.
- Littafin motar.
- Batirin mota mai ƙarfi. In naka yana ja da ƙyar da safe, fara gyara wannan.
- Sabon batirin rimot, ƙaramar sukundireba mai faɗin baki, da waya don ɗaukar hoto.

Abu uku ke cikin makulli ɗaya

Na farko ƙarfen, mai haƙora, wanda ke murɗa kwaɗon ƙofa da ramin tayar da mota. Na biyu cip, ɗan abu da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, a ɓoye cikin robar kan makulli. Ba shi da batir. Akwai zoben waya da ya kewaye ramin makulli, shi ke ba cip ɗin ƙarfi idan ka murɗa, cip ya faɗi lambarsa, ƙwaƙwalwar mota ta duba ko ta san shi. In ba ta san shi ba, sai ta hana injin mai ko wuta. Na uku rimot, mai kulle ƙofa da buɗewa daga nesa, shi ne mai ɗan batir.

Kowane ɗaya aikinsa daban, kuma ɗaya na iya lalacewa sauran na lafiya. Shi ya sa za ka ga makulli ya buɗe ƙofa, ya murɗa, mota ta yi ta kik amma ta ƙi tashi: ƙarfe daidai ne, cip ne babu. Wanda ya riƙe wannan, da wuya a sayar masa da rabin aiki a matsayin cikakke.

Mataki na 1: Gane irin makullinka

Idan ƙarfe ne zalla tun daga kai har baki, naka mai sauƙi ne, yanka kawai yake so. Idan kansa roba ne mai kauri, ka ɗauka akwai cip har sai an tabbatar babu. Idan mai maɓallai ne, ko irin wanda ake dannawa ƙarfen ya fito, galibi akwai cip akwai rimot. Idan kuwa maɓalli ake dannawa mota ta tashi makulli na cikin aljihu, wannan shi ne mafi tsada da wuyar sha'ani.

Kada ka dogara da shekarar mota kaɗai. Jamus da Ingila sun wajabta wannan tsaro a sababbin motoci tun 1998, Ostareliya a 2001, Kanada a 2007, amma Amurka ba ta wajabta ba. Shi ya sa Hyundai da Kia da yawa masu makullin murɗawa da aka sayar can tsakanin 2011 da 2021 ba su da cip, alhali akwai motar 1997 mai shi.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa: murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, ka nemi wata 'yar fitila mai hoton makulli, ko hoton mota da kwaɗo, wadda ke kamawa ta mutu. In akwai ta, galibi akwai cip. In ba ka gane ba, naɗe kan makullin da takardar alminiyom ninki uku, ka bar ƙarfen a waje, ka gwada tayarwa. In ta ƙi tashi, cip ne ka toshe. Sau ɗaya za ka gwada, domin wasu motoci kan kulle kansu na ɗan lokaci idan aka yi ta gwada makullin da ba su sani ba.

Masu Toyota su duba jikin ƙarfen kusa da roba. Za ka iya ganin ɗigo, ko harafin G, ko H. Kowanne cip ɗinsa daban, ba sa hawa kan juna. Sannan ka duba launin kan: baƙi shi ne babban makulli, ruwan toka ƙarami ne na miƙa wa wanda zai matsar maka da mota. A samfura da yawa ƙaramin yana tayar da mota amma ba ya ba da izinin ƙara wani. Wanda ruwan toka kaɗai ya rage masa, ya faɗa wa mai aiki tun a waya, don aikin ya kusa zama irin na wanda ya rasa duka.

Mataki na 2: Tattara lambobi

A yawancin motoci lambar shasi harafi da lamba 17 ce, haka take tun 1981. Za ka gan ta ta gilashin gaba a ƙasan kusurwar dashbod, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, da cikin takardu. Babu I, babu O, babu Q a cikinta, don haka duk abin da ya yi kama da su 1 ne ko 0. Hoto za ka ɗauka, kada ka kwafa da hannu, kuma ka gwada ta jikin mota da ta takarda ka ga sun dace.

Sai rimot. Juya bayansa, in babu rubutu ka sa bakin sukundireba a tsagar gefe ka buɗe a hankali. Ɗauki hoton duk lambar da ka gani. Motocin da aka yi don Amurka suna da lamba mai suna FCC ID, ita ce ke faɗin ainihin irin rimot ɗin. Ka kuma duba zangon da yake magana a kai: na Amurka akasari 315 MHz, na Turai akasari 433 MHz. Wani ya taɓa kawo mini rimot biyu da ya saya ta intanet, sak da nasa har tambarin, muka yi awa muna fama mota ba ta ko ƙifta fitila ba. Da na ɗora su a na'urar aunawa sai ga 433, motarsa kuwa 315 take ji. Kama da wane ba ta wane.

Rubuta lambar batirin ma. Yawanci CR2032 ne, ko CR2025, ko CR2016, ko CR1620. Duk bolt 3 ne, kauri da faɗi ne suka bambanta.

Mataki na 3: Zaɓi wanda zai yi aikin

Makullin ƙarfe zalla, kowane mai yankan makulli zai iya. Mai cip ko rimot sai mai sana'ar makullin mota wanda ke da na'urar saitawa, ko wakilin kamfanin motar. Wakilin kamfani ya fi tsada, yakan ɗauki kwanaki in sai an yi odar makullin, amma kayansa na asali ne. Akwai ma motocin da shi kaɗai ne mafita, kamar Mercedes na shekarun baya-bayan nan, waɗanda daga kamfani ake turo makullinsu a saite da lambar shasi. Ga sauran motoci, ni na fi ba da shawarar mai makullin mota da ya san aikinsa: ya fi sauri, kuma yana iya zuwa inda motar take.

Kafin ka miƙa makulli, yi waɗannan tambayoyi. Ka taɓa yin irin wannan motar ta wannan shekarar? Kwafin cip za ka yi ko rajistar sabo? Kuɗin da ka faɗa ya haɗa da makullin, da yanka, da cip, da rimot? Sai ka cire wani abu daga jikin motar? In bayan aiki ta ƙi tashi, wa ke da alhaki? Wanda ya san aiki zai amsa maka ba tare da kame-kame ba.

Kuma ka tsaya a wurin. Kada ka bar makulli da mota ka ce za ka dawo. Yankan makulli ɗaya da yankan biyu bambancinsu minti biyu ne.

Mataki na 4: Samo sabon makullin da za a yanka

In da hali bar mai aikin ya kawo nasa, don in bai yi ba asararsa ce. In kai za ka saya, lambobin mataki na 2 za ka bi, kada ka bi hoto. Abu huɗu sai sun dace: siffar ƙarfe, irin cip, zangon rimot, da yawan maɓallai.

Yi hattara da makullin da aka cire daga wata motar. Da yawa daga cikin masu zama a aljihu, da zarar an yi musu rajista da mota ɗaya sun kulle a kanta, ba sa karɓar wata sai an wanke su da na'ura, wasu ma ba sa wankuwa. Ka kuma dubi ƙarfen. Tagulla ko farin ƙarfen makulli shi ne daidai. Mai tsananin tauri yana cinye haƙoran kwaɗo, mai laushi kamar alminiyom kuma wata rana a cikin ramin zai karye. Araha ba ta ado.

Mataki na 5: Yanka

Hanya biyu ce. Ko a ɗora tsohon a inji a bi sawunsa, ko a yanka da lambar makulli. In tsohon bai gaji ba, bin sawu ya isa. In kuwa ya shekara goma yana aiki, haƙoransa sun zama sumul, har sai ka ɗan jijjiga yake murɗawa, to kwafinsa zai gaji ciwonsa, ya ƙara da nasa. A nan ka nemi a yanka da lamba, makullin zai fito kamar ranar da motar ta baro kamfani. In ba ka da lambar, wakilin kamfani na iya ciro ta da lambar shasi, mai aiki mai injin kwamfuta kuma na iya karanta tsohon ya mayar da shi ma'auninsa na asali. Sai dai in an taɓa canza kwaɗon motar, lambar da shasi zai bayar ba za ta yi ba. Alamar haka ita ce makullin da ke tayar da mota ba ya buɗe ƙofa ko but.

Makullin da haƙoransa ke gefe da wanda aka ƙwaƙule masa hanya a tsakiya kamar sawun maciji, injinsu ba ɗaya ba ne. Tambayi mai yanka ko yana da na irin naka.

Da an gama, a goge ɓurɓushin ƙarfe da buroshi. Fara gwadawa a ƙofa, kada ka fara da ramin tayarwa, domin gyaran kwaɗon ƙofa ya fi sauƙi. Sa shi, murɗa, fitar, juya ɗaya gefen ka sake. In ya cije kada ka sa ƙarfi, a mayar inji. In a ramin tayarwa ya ƙi, ɗan girgiza sitiyari hagu da dama kana murɗawa, sau da yawa kullen sitiyari ne ya danne. Kwaɗon da ya bushe garin girafayit, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, ake hura masa. Baƙin mai da giris ƙura suke tarawa.

Mataki na 6: Haɗa cip da mota

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma aka fi yin ɓarna.

Kwafi shi ne a karanta cip ɗin tsohon makulli a rubuta irinsa a sabo. Yana da sauri, yawanci ba a taɓa ƙwaƙwalwar mota, amma motar ba ta san an yi na biyu ba, a wurinta makulli ɗaya ne mai jiki biyu. Ranar da ɗaya ya ɓata, ba za ka iya soke shi ka bar ɗayan ba. Kuma ba kowane cip ke kwafuwa ba.

Rajista kuwa ita ce a gabatar wa motar sabon cip mai lambar kansa, ta rubuta shi cikin waɗanda ta sani. Ana jona na'ura a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD. Motocin Amurka na da ita tun 1996, masu fetur na Turai tun 2001. Wasu motoci sai an ba su lambar sirri kafin su buɗe, irin waccan ta katin Peugeot. Wasu kuma jira suke sa ka, minti goma ko fiye, da gangan aka yi su haka don ɓarawo ya gaji. In ana iya duka biyun, ni rajista nake zaɓa.

Abu uku ka kiyaye. Na ɗaya, motoci da yawa idan aka buɗe rajista sukan goge duk makullan da suka sani, sai waɗanda aka gabatar a wannan zaman. Makullin da ka bari a gida ya zama ƙarfen buɗe ƙofa kawai. Na biyu, batir. In wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwar na iya rikicewa, motar da ta zo da ƙafarta ta koma sai an ja. Kashe fitilu da rediyo da iyakwandishan, in batirin da shakka a jona masa wani. Na uku, ka ce a nuna maka adadin makullan da motar ta sani, kafin aiki da bayansa. Na'urar tana nunawa. Na sha ganin mai motar hannu ya zo da makulli ɗaya, allo ya nuna 4. Ukun nan suna hannun wasu, kuma har gobe suna tayar da motar. A goge su a wannan zaman.

Akwai motocin da za ka iya ƙara makulli da kanka ba na'ura. Ford da yawa, da Chrysler na wasu shekaru, suna yarda idan kana da makulli biyu masu rajista. A Ford tsarin kusan haka yake: sa na farko ka murɗa har fitilu su kama, ba tare da ka tayar ba, ka jira sakan uku, ka kashe ka zare. Nan take ka yi haka da na biyu. Sannan ka sa sabon ka murɗa, ka bar shi 'yan sakanni. Adadin sakannin na canzawa daga samfuri zuwa samfuri, don haka buɗe littafin motarka ka bi nasa. Makulli da kwafinsa ba sa zama biyu a nan. Mai irin wannan motar, ya yi na uku tun yana da biyu.

Abin da ba na so ka yarda da shi: a ce a ciro cip a manna shi da salatif kusa da ramin makulli don kowane ƙarfe ya tayar, ko a ce a kashe tsaron gaba ɗaya daga ƙwaƙwalwa. Motar za ta tashi, gaskiya ne. Za ta kuma tashi wa duk wanda ya fasa kwaɗon da sukundireba. In ma an sace ta, kamfanin inshora na iya kafa hujja da wannan ya ƙi biya. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Mataki na 7: Rimot

A wasu motoci rimot na shiga tare da cip, a wasu sai an yi masa nasa daban. Kada ka ɗauka tunda mota ta tashi an gama. Sa sabon batir tun yanzu, domin wanda ke zuwa a ciki ba ka san shekarar da ya yi a ajiye ba.

Mataki na 8: Gwada kafin ka biya

Miƙa wa wani tsohon makullin ya yi nisa da motar, taku goma ko fiye. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: sabo na cikin rami, tsoho na rataye a zobe ɗaya, ko a motar maɓalli tsoho na aljihu, motar ta ji tsohon ta tashi, kowa ya yi murna. Sai ranar buƙata a gane safayar ba ta taɓa aiki ba.

Da sabon kaɗai, buɗe ƙofar direba da ƙarfe, buɗe but. Tayar da mota ka bar ta minti ɗaya, domin wasu kan tashi su mutu bayan sakan biyu in ba su san cip ba. Duba 'yar fitilar tsaro ta mutu, ba ta ƙiftawa. Kashe, sake tayarwa sau uku. Danna kowane maɓalli daga kusa da daga nesa. In mai zama a aljihu ne, zaro ɗan siririn ƙarfen da ke ɓoye a cikinsa ka tabbatar an yanka shi kuma yana buɗe ƙofa, shi ne zai cece ka ranar da batir ya mutu. Daga nan ka dawo da tsofaffin makullan, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya su ma.

Mataki na 9: Ajiya

Safayar da ke cikin mota, ko a zobe ɗaya da babban makulli, ba safaya ba ce. Ajiye ta a gida ko wurin wanda ka amince da shi wanda zai iya kawo maka. Mai zama a aljihu kada a ɓoye shi a jikin mota, domin duk wanda ya ja hannun ƙofa za ta iya buɗe masa. A gida ma kada ya kwana kusa da ƙofa ko taga, akwai ɓarayin da ke da na'urar miƙa siginarsa har wurin motar. Gwangwani mai murfi ya isa ya toshe. In kana son abin ɓoyewa a waje, a yanka maka ƙarfe marar cip, wanda ƙofa kawai yake buɗewa.

Kada ka rubuta lambar mota a jikin makulli, kada ka sa hotonsa a intanet, ana iya yanka makulli daga hoto mai kyau. Duk bayan wata uku ɗauko safayar ka yini da ita.

Idan karyewa ya yi ko robar ta fashe

Tattara duk guntayen, musamman kan. In guntun ya maƙale a rami kada ka tura masa waya ko ka ɗiga gam, ƙara shigewa zai yi. Akwai siraran ƙarafan zaro shi. Da guntaye biyu ana iya yanka sabo.

In robar ce kawai ta fashe, sabon gida, wato sabuwar robar, ake saya a mayar da kayan ciki. Shimfiɗa farin ƙyalle ka buɗe a kai. Bayan allon rimot da batir, nemi cip a wani lungu na tsohon gidan: ko ɗan baƙin abu mai kusurwa, ko 'yar kwalba siririya. A wasu makullan yana manne a allon, a wasu zaman kansa yake. Wata baiwar Allah ta taɓa canza gida da kanta, rimot na aiki lafiya lau, mota ta ƙi tashi, tsohon gidan kuma an riga an zubar da shara. Kada ka yar da tsohon sai mota ta tashi da sabon. Mai kwalbar kuma a yanke robar da ke kewaye da shi a hankali, kada a ɓanɓare shi da ƙarfi, in ya tsage ya mutu.

Idan sace shi aka yi

Sabon makulli kaɗai bai wadatar ba. Matsar da motar daga inda aka saba ganinta, kai rahoto ga 'yan sanda, sanar da kamfanin inshora in kana da shi. A goge wanda aka sace daga ƙwaƙwalwar mota. Ka sani gogewa na hana shi tayarwa ne da rimot, ƙarfensa na nan yana buɗe ƙofa. In an ɗauke shi tare da abin da ke nuna gidanka, a canza haƙoran kwaɗon ma.

Idan duka sun ɓata

Kada ka fasa gilashi, kada ka bari a ɓalle ramin makulli. Duk biyun ƙarin aiki ne, kuma ba za su sa mota mai cip ta tashi ba. Kira mai makullin mota ka ba shi sunan motar, shekara, lambar shasi, da ko ta murɗawa ce ko ta maɓalli. Riƙe takardunka a hannu. In suna kulle a cikin motar, faɗa masa tun farko, ka nuna katin shaida, da an buɗe ka nuna sauran.

Zai fara da samo ma'aunin haƙora: ko ta lambar shasi, ko ya karanta kwaɗon ƙofa da ɗan ƙarfen da aka yi don haka, ko ya ciro kwaɗon, domin wasu tsofaffin motocin Japan an buga lambar makulli a jikinsa. Sai cip. A wasu motoci kafar OBD ta isa, da ɗan jira. A wasu sai an ciro akwatin tsaro ko ƙwaƙwalwar an karanta a tebur. In za a yi haka, ka ce a adana kwafin bayanan asali kafin a rubuta komai, ka kuma ɗauki hoton akwatin da lambarsa kafin ya bar wurin. In motar irin wadda sai wakilin kamfani ce, a ɗora ta a bayan janwe a kai. Kada a ja ta da igiya sitiyari na kulle.

Idan an kai ga rajista, kafin mai aikin ya zare na'urarsa ka sa ya yi maka biyu a wannan zaman. Ƙwaƙwalwar na buɗe, ma'aunin haƙora na kan inji, na biyun 'yan mintoci kawai zai ƙara.